Wimbledon da Cacar Gwanaye: Lissafin da Ba Ya Fitowa a Tikiti

Ƙarshen watan Yuni kasuwar ƙwallon ƙafa takan yi sanyi. Firimiya ta tashi, Laliga ta tashi, an ɗaga kofin zakarun Turai, sai matasan da hannunsu ya saba da haɗa tikiti a waya su shiga laluben inda za su saka kuɗi. Da yawansu a Wimbledon suke yada zango, gasar tanis ɗin da ake yi a kudu maso yammacin Landan tun 1877, wadda ita kaɗai ce ake bugawa a kan ciyawa cikin manyan gasanni huɗu na duniya. A wannan lokaci agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar, wasa yana farawa ƙarfe 11 na safe, ya kai dare. Tanis kuma a ido yana da sauƙi: mutum biyu ne, babu canjaras, ɗaya sunansa ya zaga duniya, ɗaya ko jin sunansa ba ka taɓa yi ba. Sai zuciya ta ce ai wannan kuɗi ne a ƙasa.

Matsayina a fili yake. Caca haramun ce, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya, kuma wannan ya ishi mai imani. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma shagon yanzu yana cikin aljihun kowa. Shi ya sa nake ganin bai kamata a tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Yaron da yake ganin ya gano dabara, wato bin gwani kawai, yana buƙatar a zauna da shi a yi lissafin dalla-dalla, ya ga inda kuɗin ke zurarewa.

Mu fara da lambar da ke gefen sunan ɗan wasa, wadda ake kira od. Idan ka ga 1.10, ma'anarta naira 1,000 za ta dawo maka da 1,100, ribarka naira 100. Raba 1 da wannan lamba, za ka sami 0.909. Wato kafin ka tsira da uwar kuɗinka kawai, ba riba ba, sai gwanin ya ci wasa 10 cikin kowane 11. Idan od ɗin 1.05 ne, kamar yadda ake yawan gani a zagayen farko idan babban ɗan wasa ya haɗu da wanda ya fito daga wasannin share fage, sai ya ci 20 cikin 21. Faɗuwa ɗaya tana cinye ribar wasa ashirin.

Sannan duba ɓangarorin biyu tare. A ce an ba gwani 1.25, an ba abokin karawarsa 4.00. Na farko kashi 80 cikin ɗari ke nan, na biyu kashi 25. Haɗa su, 105. Babu wasan da damarsa ta wuce ɗari bisa ɗari, wannan biyar ɗin da ta hau kai ita ce ladan kamfani, kuma an cire ta tun kafin a buga ƙwallon farko. Gaskiya ne, abu ne sananne a kasuwar tanis cewa masu bin gwanaye sun fi masu bin ƙananan 'yan wasa ƙarancin asara, domin kamfanoni sun fi ɗora nauyin ladansu a kan manyan od. Amma ƙarancin asara asara ce. Kamfanin ya san Alcaraz gwani ne, ya san Sinner gwani ne, ya san haka fiye da kai, kuma ya riga ya zuba sanin a cikin farashin.

Inda abin ya fi muni shi ne haɗin gambiza. Tunda riba a 1.10 ba ta taka kara ta karya ba, sai mutum ya jera gwanaye goma a tikiti ɗaya. Ninka 1.10 sau goma yana ba da kusan 2.59, naira 1,000 ta zama 2,590, abin ya fara kyau a ido. To a ce ainihin damar kowane gwani kashi 88 ce cikin ɗari, wanda ba abin mamaki ba ne idan an cire ladan kamfani. Damar duka goman su ci tare ba ta kai kashi 28 ba. Da wasa ɗaya ka buga, asararka a dogon zango kamar naira 32 ce a kowace dubu. Da ka haɗa goma, ta koma kusan naira 280 a kowace dubu. Ladan kamfani ma ninkuwa yake yi tare da od ɗin, shi ya sa suke ta kwaɗaita maka ƙarin garaɓasa idan ka tsawaita tikiti. Mai cewa "wasa ɗaya ne ya ɓata min tikiti" yana ɗauka rashin sa'a ce ta same shi, alhali a tikitin wasa goma irin wannan, faɗuwar mutum ɗaya tak ita ce sakamakon da ya fi kowane yawan faruwa.

Wannan lissafi haka yake a kowace gasa. Abin da ya sa Wimbledon ta bambanta shi ne ciyawar.

Ana aske ta zuwa milimita 8. A kanta ƙwallo ba ta tashi sama kamar yadda take yi a jar ƙasar Roland Garros ta Faransa, zamewa take yi ta zo ƙasa-ƙasa da sauri. Mai bugun farko, wato mai sabis, shi ke da rinjaye. A tanis ana tara maki a ci gem, a tara gem shida da tazarar biyu a ci set, idan kuma aka yi 6-6 sai a shiga raba gardama, wanda ya fara kai maki bakwai (goma a set na ƙarshe) da tazarar biyu ya ɗauke set ɗin. A jar ƙasa ana karya sabis akai-akai, wato a ci gem ɗin da abokin karawa ke sabis, saboda haka wanda ya fi iyawa yana da dama bayan dama ya nuna fifikonsa, ko ya yi kuskure zai gyara. A ciyawa, dogon mutum mai sabis kamar harsashi zai iya riƙe nasa gem shida ba tare da gwanin ya ko shinshina ba. Sai a je raba gardama, inda ƙwallo ɗaya da ta taɓa saman raga ta gangara ɗaya gefen ta isa ta yanke hukuncin set guda. Tazarar da ke tsakanin na 2 a duniya da na 100 tana tsukewa ta koma maki biyu ko uku.

Tun 2001 da aka sauya irin ciyawar da ake shukawa, filin ya rage gudu, shi ya sa masu tsayawa a baya suna musayar bugu suke ɗaukar kofin yanzu. Amma wannan ya fi tabbata a mako na biyu. A kwanakin farko ciyawar kore ce shar, da danshi a jikinta, tana da santsi. Zuwa mako na biyu ƙafafu sun cinye ta a layin baya, wurin ya koma ƙasa busasshiya, ƙafa tana kamawa, ƙwallo tana ɗan ƙara tashi. Ma'ana gwani ya fi shiga haɗari a daidai lokacin da od ɗinsa ya fi ƙanƙanta, zagaye na ɗaya da na biyu. Ƙari a kan haka, mako uku ne kacal tsakanin ƙarshen Roland Garros da farkon Wimbledon, kafin 2015 ma mako biyu ne. Wanda ya kai wasan ƙarshe a Paris yakan iso Landan a gajiye, wani lokaci bai buga ko wasa ɗaya na gasa a ciyawa ba. Abokin karawarsa kuwa, wanda aka fitar da wuri a Paris, ya yi makonni yana buga ƙananan gasannin ciyawa irin su Queen's ko Halle ko Eastbourne, ko kuma ya ci wasa uku na share fage a Roehampton, ƙafarsa ta riga ta saba.

Tarihin Rafael Nadal kaɗai ya isa misali. Ya ɗauki kofin a 2008 da 2010, ya kai wasan ƙarshe a 2011. A 2012 Lukas Rosol, na 100 a duniya, ya fitar da shi a zagaye na biyu. A 2013 Steve Darcis, na 135, ya cire shi a zagayen farko, set uku a jere, mako biyu bayan ya ɗaga kofin Roland Garros. A 2014 Nick Kyrgios, ɗan shekara 19, na 144, ya doke shi a zagaye na huɗu. A 2015 Dustin Brown, na 102, ya sallame shi a zagaye na biyu. Shekara huɗu a jere, duk a hannun waɗanda ba sa cikin 99 na farko. Akwai abin lura a na Brown: ya taɓa doke Nadal a ciyawar Halle a 2014, salonsa na buga sabis ya ruga gaban raga ba ya barin Nadal ya sami numfashi. Jadawalin duniya ba ya nuna irin wannan, domin makin da ke cikinsa yawanci daga filayen siminti da jar ƙasa aka tara su, kakar ciyawa ba ta wuce 'yan makonni ba a shekara. Wimbledon da kanta ta san da haka: daga 2002 zuwa 2019 tana amfani da nata lissafin wajen jera maza 32 na gaba, tana ƙara wa sakamakon ciyawa nauyi. Daga 2021 ta koma bin jadawalin duniya kai tsaye, saboda haka lambar da ke gefen sunan ɗan wasa yanzu ba ta gaya maka komai game da iyawarsa a ciyawa.

Ba Nadal kaɗai ba ne. Lleyton Hewitt ya zo kare kofinsa a 2003, Ivo Karlovic mai tsawon mita 2.11 ya fitar da shi ranar farko. Roger Federer ya faɗi a hannun Sergiy Stakhovsky, na 116, a zagaye na biyu a 2013. Novak Djokovic ya iso 2016 riƙe da manyan kofuna huɗun gaba ɗaya, Sam Querrey ya tsayar da shi a zagaye na uku. Kada kuma wani ya ce to sai ya koma bin wanda ya kayar da gwani: Rosol da Stakhovsky duk sun faɗi a wasansu na gaba, Darcis bai ma iya fitowa ba saboda ciwon kafaɗa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A ɓangaren maza, kofin kansa ba ya nisa da manya. Daga 2003 zuwa 2022 mutum huɗu ne kawai suka ɗauke shi: Federer sau 8, Djokovic sau 7, Nadal da Andy Murray sau bibbiyu. Carlos Alcaraz ya karɓa a 2023 da 2024, Jannik Sinner ya ƙwace a hannunsa a 2025. Ɓangaren mata kuwa tun bayan Serena Williams a 2016 ba a sami wadda ta maimaita ba har zuwa 2025: Muguruza, Kerber, Halep, Barty, Rybakina, Vondrousova, Krejcikova, Swiatek. Rybakina ta 17 ce a jerin gasar lokacin da ta ci a 2022. Vondrousova ba ta ma cikin 32 ɗin a 2023, ita ce ta 42 a duniya sa'ad da ta doke Ons Jabeur ta Tunisiya, kuma da ta dawo kare kofin a 2024 aka fitar da ita a zagayen farko. Krejcikova ta 31 ce. A 2018 babu ko ɗaya cikin mata goma na gaba da ta kai zagayen 'yan takwas.

Wani ɓangare na wannan bambanci daga tsarin wasan yake. Maza suna buga wanda ya fara cin set uku cikin biyar, mata wadda ta fara cin biyu cikin uku. Ɗauki ɗan wasan da ke da damar cin kowane set kashi 70 cikin ɗari. A tsarin set biyar damarsa ta cin wasan kusan kashi 84 ce. A tsarin set uku, kashi 78. Tazarar kamar ba yawa, amma kofin sai an ci wasa bakwai a jere cikin 'yan wasa 128. Ninka sau bakwai: na farko ya tashi da kusan kashi 29, na biyu kashi 18. Gwanin da ya fara wasa da sanyin jiki a set biyar yana da lokacin farfaɗowa, kamar yadda Alcaraz ya sha da ƙyar a hannun Fabio Fognini a zagayen farko na 2025. A set uku, minti arba'in na rashin natsuwa sun isa. Iga Swiatek ta shigo 2022 tana kan nasarori a jere, Alizé Cornet ta tsayar da su a 37, a zagaye na uku. Coco Gauff ta ɗauki Roland Garros a 2025, Dayana Yastremska ta fitar da ita a wasanta na farko a Landan.

Ko a maza, mai saka kuɗi a kan wanda zai ɗauki kofin ya tuna wannan: ɗan wasan da ke da damar kashi 90 a kowane wasa, damarsa ta cin bakwai a jere kashi 48 ce, ba ta kai rabi ba. Kuma babu mai kashi 90 a wasan kusa da na ƙarshe.

Akwai kuma abin da kusan babu mai karantawa, wato ƙa'idar kamfani a kan rauni. A ƙwallon ƙafa idan ɗan wasa ya ji ciwo canji ake yi, a tanis wasan ne ya ƙare. Kamfanoni kuma ba su da ƙa'ida ɗaya. Wasu suna soke cacar su mayar da kuɗi muddin ba a kammala wasan ba. Wasu suna cewa da zarar an gama set ɗaya, wanda ya wuce zagaye na gaba shi ne ya ci. Wasu ƙwallo ɗaya ma ta isa. Dubi wasan Grigor Dimitrov da Sinner a zagaye na huɗu na 2025: Dimitrov ya ci set biyun farko, 6-3 da 7-5, ana 2-2 a na uku tsokar ƙirjinsa ta samu matsala wajen sabis, ya janye. Wanda ya saka kuɗi a kan Sinner, a wani kamfanin an biya shi, a wani an mayar masa da kuɗinsa kawai. Wanda ya bi Dimitrov, yana kallon nasara ƙiri-ƙiri, ko dai ya tashi da uwar kuɗinsa ko ya tashi a tutar babu. Idan wasan da aka soke yana cikin dogon tikiti, ana mayar da od ɗinsa 1.00 a ci gaba da sauran. Idan kuwa a kan ɗaukar kofi ka saka, ɗan wasan ya janye bayan an fara gasa, galibi kuɗin ya tafi. Haka ta faru da masu bin Nadal a 2022, lokacin da ya janye kafin wasan kusa da na ƙarshe da Kyrgios saboda yagewar tsokar ciki. Santsin makon farko ma yana da nasa rabon: a 2021 Serena ta zame a babban fili a zagayen farko, ta fice tana hawaye ba a ko gama set ɗaya ba.

Sai cacar da ake yi wasa yana gudana, wadda ta fi cin kuɗin mutane saboda a tanis od yana motsi bayan kowane maki. Abu biyu ne ke aiki a kanka a nan. Na farko, hoton da kake kallo a waya ko talabijin yana bayan abin da ke faruwa a fili da daƙiƙoƙi, su kuwa kamfanoni bayanan maki suna isa gare su kafin hoton ya iso gare ka. Farashin da kake ganin ka yi wuf da shi ya riga ya san abin da ba ka gani ba tukuna. Na biyu, gwanin da ke gaba da set biyu od ɗinsa yakan sauka zuwa 1.01 ko 1.02, mutane su zuba kuɗi masu yawa don tsintar 'yar riba. Federer yana gaba da set biyu a kan Jo-Wilfried Tsonga a 2011, ya faɗi. A 2018 yana gaba da set biyu a kan Kevin Anderson, har ya sami makin gama wasa, ya faɗi 13-11 a set na biyar, domin a lokacin ba a shiga raba gardama a 6-6 a set na ƙarshe. A wasan ƙarshe na 2019 yana 8-7 a set na biyar, sabis a hannunsa, 40-15, maki ɗaya ya rage tsakaninsa da kofi har sau biyu, Djokovic ya ɗauke. A wannan wasa Federer ya fi tara maki, 218 da 204. A od 1.01, faɗuwa ɗaya irin wannan tana buƙatar nasara ɗari kafin a cike ramin. Maɓallin karɓar kuɗi kafin wasa ya ƙare shi ma ba kyauta ba ne, abin da ake ba ka yana ƙasa da ainihin darajar tikitinka a wannan lokaci, wato ka biya lada sau biyu.

Yanayi ma yana shiga. Babban fili yana da rufi tun 2009, fili mai lamba ɗaya tun 2019, sauran a buɗe suke. Ruwa yana katse wasa, duhu yana katsewa, kuma ko a ƙarƙashin rufi dole a tsaya ƙarfe 11 na dare. Wasan da aka ɗage zuwa gobe sabon wasa ne, wanda ya fara galabaita ya samu barci da shawarar kocinsa.

Dabarar da ta fi halaka mutane ita ce ta ramuwa, wato idan ka faɗi ka ƙara kuɗi don ka maido. Da gwanaye abin ya fi saurin kai mutum ƙasa, domin ribar ƙarama ce. A od 1.20, ka rasa naira 1,000, sai ka saka 5,000 kafin ka maido ta. Ta sake faɗuwa, asara ta zama 6,000, sai ka saka 30,000. Karo na uku asara 36,000, ana neman 180,000. Daga dubu ɗaya, faɗuwa uku kacal. A nan ne ake taɓa jarin shago, kuɗin makaranta, ko ajiyar wani.

Wanda har yanzu yake ganin bin gwani hanya ce, ya gwada ta a takarda ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Daren da za a fara gasa, ya rubuta wasanni 64 na zagayen farko na maza da 64 na mata. A kowanne ya rubuta sunan wanda od ɗinsa ya fi ƙanƙanta da lambar od ɗin kamar yadda take kafin a fara, kada ya zaɓi waɗanda suka yi masa, kada ya goge ko ɗaya bayan ya ga sakamako. Ya ɗauka ya saka naira 1,000 a kowanne. Wanda ya ci, ya rubuta ribar kaɗai, 50 ko 100 ko 300. Wanda ya faɗi, ya rubuta asarar 1,000. Wanda aka janye, ya bi ƙa'idar kamfanin da ya ɗauko farashin a wurinsa. Ya yi haka har zagaye bakwai, wasa 254 ke nan, kuma ya maimaita a shekara ta gaba, domin gasa ɗaya tana iya fitowa da 'yar riba ta ruɗe shi. Da a 2025 ya fara, da shafin farko ya ƙunshi faɗuwar Alexander Zverev, na 3 a jeri, a hannun Arthur Rinderknech, da ta Daniil Medvedev, Holger Rune da Lorenzo Musetti, sannan Gauff, Jessica Pegula da Zheng Qinwen a ɓangaren mata. A wannan zagaye kaɗai, maza 13 cikin 32 da aka jera a gaba suka tattara kayansu.